Zanen Bango a Gidajen Waya na Ƙananan Garuruwan Amurka, 1934 zuwa 1943

Tsakanin shekarar 1934 da 1943 gwamnatin tarayyar Amurka ta biya masu zane kimanin 850 suka ƙawata sababbin gine-ginenta da ayyuka wajen 1,400, mafi yawansu kuwa zanen bango ne da aka liƙa a zauren gidajen waya na ƙananan garuruwa, wasunsu ma garuruwan da mutanensu ba su wuce dubu biyu ko uku ba. Abin da ake nufi da zanen bango a nan shi ne babban hoto da aka zana da fenti domin ya zauna a wani bango takamaimai, yana nuna mutane da dabbobi da ƙasa, yana kuma ba da wani labari, saɓanin irin zayyanar da magina ke yi wa fuskar soro a Zariya ko Kano, inda ado yakan tsaya ga siffofi da kanannaɗe-kanannaɗe. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan hotuna ya fito ne daga ciniki tsakanin ɓangarori uku, wato ma'aikacin gwamnati da ke Washinton yana riƙe da kuɗi, da mai zane da ke riƙe da buroshi, da mutanen gari waɗanda za su riƙa ganin hoton duk ranar da suka zo sayen kan sarki. Saboda haka wanda ya karance su a matsayin shaidar tarihi zai tarar cewa abin da suka fi adanawa shi ne yadda waɗannan garuruwa suke so a gan su, domin halin da suke ciki a zahiri a wancan zamani kaɗan ne daga cikinsa ya hau bango.

Asalin al'amarin yana cikin karayar tattalin arzikin da ta biyo bayan faɗuwar kasuwar hannun jari ta New York a watan Oktoba na 1929. Lokacin da Franklin D. Roosevelt ya hau mulki a ranar 4 ga Maris, 1933, kusan ɗaya cikin kowane ma'aikata huɗu ba shi da aiki, dubban bankuna sun rushe da ajiyar mutane, farashin alkama da auduga kuma ya faɗi har manomi ba ya iya mayar da kuɗin noma. Masu zane suna cikin waɗanda abin ya fara bugewa, domin attajiran da ke sayen aikinsu su ne suka fara tsuke bakin aljihu. A watan Mayu na wannan shekara wani mai zane, George Biddle, wanda suka yi makaranta ɗaya da Roosevelt a Groton da kuma Harvard, ya rubuta wa shugaban takarda yana nuna masa misalin Meziko, inda gwamnati tun farkon shekarun 1920 ta ba irin su Diego Rivera da José Clemente Orozco da David Alfaro Siqueiros bangon ma'aikatu da makarantu, tana biyan su ladan da bai fi na masu aikin hannu ba, su kuwa suna zana tarihin ƙasar da juyin juya halinta a inda talaka zai gani. Biddle ya nemi a yi wa shirin farfaɗo da ƙasa na Roosevelt, wanda aka sani da New Deal, wato sabon tsari, irin wannan hidima.

Gwajin farko ya zo a watan Disamba na 1933 da kuɗin agajin marasa aiki da ke hannun Harry Hopkins, ya kuma ɗauki wata shida kacal, amma a cikinsu masu zane sama da 3,700 suka samar da ayyuka fiye da 15,000 a kan kuɗin da ya ɗan haura dala miliyan ɗaya da dubu ɗari uku. Abubuwa biyu da suka faru a 1934 sun zama darasi ga masu gudanar da shirin. A watan Fabrairu aka farfashe zanen da Rivera ya yi a ginin Rockefeller na New York saboda ya ƙi cire fuskar Lenin daga ciki, sannan da bazara, ana tsakiyar yajin aikin ma'aikatan tashar jiragen ruwa, aka hana buɗe hasumiyar Coit ta San Francisco har sai da aka goge alamar guduma da lauje ta 'yan gurguzu da wani mai zane ya sa a bango da kuɗin gwamnati. Daga nan jami'an Washinton suka ɗauki tsoron abin da zai jawo musu surutun 'yan majalisa, wannan tsoro kuwa ya bi duk abin da suka yi daga baya.

A watan Oktoba na 1934 sakataren baitulmali, Henry Morgenthau ƙarami, ya kafa Sashen Zane da Sassaƙa a cikin ma'aikatarsa, ya ɗora Edward Bruce a kansa. Dalilin da ya sa aikin ado ya faɗa ƙarƙashin ma'aikatar kuɗi shi ne, a wancan lokaci ofishin da ke tsara gine-ginen tarayya da gina su, har da kotuna da gidajen waya, yana cikin baitulmali ne. Bruce kansa mutum ne mai ban sha'awa, domin lauya ne da ya yi kasuwanci a Filifin da ƙasar Sin, har ya taɓa mallakar jaridar Manila Times, sannan ya ajiye komai yana da shekara arba'in da 'yan kai ya tafi Italiya koyon zane, kuma sanin harkar azurfa ne ya fara kawo shi kusa da baitulmali a 1933. Ya san harshen masu zane, ya kuma san na 'yan siyasa, ya dage kuma a kan cewa sashensa ba gidan agaji ba ne. A nan ne ake yawan yin kuskure, domin har yau mutane suna kiran waɗannan hotuna zanen WPA, alhali shirin zane na WPA, wato hukumar samar wa marasa aiki ayyukan yi, wanda Holger Cahill ya shugabanta daga 1935, yana ɗaukar mai zane ne saboda talaucinsa, ya biya shi albashin mako, ya tura aikinsa makarantu da asibitoci na jihohi da birane. Sashen Bruce kuwa kwangila yake bayarwa ga wanda ya ga ya fi iyawa, ko mai hali ne ko mara hali. Kuɗin yana fitowa ne daga kashi ɗaya cikin ɗari na abin da aka ware wa sabon gini, ta yadda gidan wayar da ya ci dala 70,000 zai ba da dala 700 na ado. Sai dai wannan kaso umarnin ofis ne kawai, majalisa ba ta taɓa mayar da shi doka ba, kuma idan aikin gini ya cinye kuɗin, bango yakan zauna babu komai.

Zaɓen gidan waya yana da hujja mai ƙarfi. A ƙarƙashin James Farley, wanda ya riƙe ma'aikatar gidan waya daga 1933 zuwa 1940, an gina sababbin gidajen waya sama da dubu domin samar wa magina aiki, kuma a mafi yawan ƙananan garuruwa wannan gini shi kaɗai ne fuskar gwamnatin tarayya da mutane suka sani. A irin waɗannan garuruwa sau da yawa ba a kai wasiƙa gida-gida, sai dai mutum ya zo da kansa ya buɗe akwatinsa ko ya tambaya a taga, a nan ne kuma ake aika kuɗi, a karɓi kayan da aka yi oda daga kamfanin Sears, a kuma yi ajiya a asusun gidan waya da aka buɗe tun 1911, wanda jama'a suka ruga gare shi bayan bankuna sun ci amanarsu. Zauren ya zama mahaɗar gari, inda manomi da malamin makaranta da mai shago suke tsayawa layi ɗaya. Galibin gine-ginen an yi su ne daga zane iri ɗaya da ofishin Washinton ya fitar, na jan bulo mai hawa ɗaya, kuma a ƙarshen zauren akwai ƙofar ofishin shugaban gidan waya da allon sanarwa a gefenta. Filin da ke saman wannan ƙofa, mai faɗin ƙafa goma sha biyu da tsayin ƙafa biyar ko kusa da haka, shi ne aka ba masu zane, kuma sau da yawa kan ƙofar yana shiga cikin filin, sai mai zane ya san dabarar da zai tsara mutanensa da dawakinsa su kewaye shi.

Hanyar rabon aiki ita ce gasa wadda ba a sanin mai shiga. Mai zane yakan aiko da ƙaramin samfurin abin da yake son yi ba tare da sa hannu ba, sunansa yana cikin rufaffiyar ambulan da aka liƙa a baya, kwamitin yanki ya duba ya ba da shawara, hukunci na ƙarshe kuma ya fito daga Washinton. An yi irin wannan gasa kimanin 190, galibi domin manyan gine-gine, waɗanda suka yi ƙoƙari amma ba su yi nasara ba kuwa sai a rubuta sunansu, a ba su ƙananan gidajen waya daga baya ba tare da wata gasa ba. Ta haka ne mai zane da ke zaune a New York ko Chicago yakan sami takarda cewa an ba shi bangon wani gari a Arkansas ko Nebraska da bai taɓa jin sunansa ba. Ana shawartarsa ya je ya ga garin, ya tattauna da shugaban gidan waya da mai kula da ɗakin karatu da dattawa, amma kuɗin mota daga aljihunsa zai fito, haka ma kuɗin fenti da na ƙyalle da na liƙawa, shi ya sa da dama suka wadatu da wasiƙa da hotunan da aka aiko musu. Kaɗan ne suka yi zane kai tsaye a kan ɗanyen shafe irin na tsofaffin majami'un Italiya, mafi yawa sun yi amfani da fentin mai a kan ƙyalle mai kauri a ɗakin aikinsu, suka naɗe shi suka aika, aka liƙa shi da manne mai farin darma. Ana biyan kuɗin kashi-kashi, wani bayan an amince da samfuri, wani bayan an ga cikakken zane a kan takarda daidai girman bango, na ƙarshe kuma sai shugaban gidan waya ya rubuto cewa hoto ya hau, yakan kuma haɗa da abin da mutanen gari suka ce.

Mutumin da ya fi kowa tasiri a kan kamannin hotunan shi ne mataimakin Bruce, Edward Rowan, wanda ya zo daga Cedar Rapids ta jihar Iowa, inda ya yi abota da Grant Wood, ɗaya daga cikin jagororin salon zana karkarar Amurka. Rowan ne ke duba kowane samfuri ya mayar da amsa a rubuce, kuma dubban wasiƙunsa da ke ajiye a ma'adanar takardun ƙasa cike suke da gyare-gyare irin na malamin aji: a sake duba ƙafar dokin nan, wannan hannu ya yi tsawo, fuskar matar nan ta yi muni, a ƙara haske a sararin sama. Sashen yana son abin da mutum zai gane da kallo ɗaya, yana ƙin zanen da ba ya kama da komai, yana kuma ƙin alloli da aljanun Girka da tsofaffin masu zanen gine-ginen gwamnati suka saba cika bango da su. Batutuwan da aka yarda da su ba su da yawa, wato tarihin kafuwar gari, da sana'ar da garin ke taƙama da ita, da shimfiɗar ƙasarsa, da tarihin jigilar wasiƙa tun daga mahayin doki zuwa jirgin ƙasa da jirgin sama. Sakamakon haka bangon gidajen waya ya cika da masu girbin alkama, da makiyaya a kan dawaki, da keken shanu na masu ƙaura zuwa yamma, da ƙarfafan ma'aikata waɗanda ba a ga alamar yunwa a jikin ko ɗaya daga cikinsu ba, a shekarun da guguwar ƙura ta kori dubban iyalai daga gonakin Oklahoma da Kansas, mutane kuma suke bin layin abincin sadaka a birane.

Kuskure ne a ɗora wannan gyaran fuska a kan Washinton ita kaɗai, domin gasar da aka yi a 1939 ta nuna cewa mutanen garuruwan sun fi Rowan tsanani. A wannan gasa an zaɓi gidan waya ɗaya a kowace daga jihohi 48 na lokacin, mujallar Life kuma ta buga samfuran da suka yi nasara a watan Disamba, ta haka jama'a suka ga abin da ake shirin liƙa musu tun kafin a zana shi. Garin Kellogg na jihar Idaho, wanda rayuwarsa ta dogara ga haƙar azurfa da darma, an zaɓar masa aikin Fletcher Martin, mutumin da ya yi ƙuruciya a wannan jiha ya kuma san aikin ƙarfi, wanda ya zana mahaƙa biyu ɗauke da ɗan'uwansu da ya ji rauni a kan makara suna fitar da shi daga rami. Ƙungiyar ma'aikatan ma'adinai ta yaba, ta ce gaskiyar aikinsu ke nan, amma masu kamfanoni da manyan gari suka ce bai dace matan da mazajensu ke ƙarƙashin ƙasa su riƙa cin karo da wannan hoto kullum ba. Wannan hujja tana da nauyinta, ko da yake a bakin masu ramin ta fito. Sashen ya ɗan tsaya wa Martin, daga baya ya janye, shi kuma ya zana masu neman ma'adinai na farko suna murnar dace da arziki, aka liƙa a 1941. Shekara talatin da ɗaya bayan haka, a watan Mayu na 1972, gobara a ramin Sunshine da ke kusa da garin ta kashe mahaƙa 91.

Irin wannan ta faru a wurare da dama, kowane gari da abin da yake gudu. A Paris ta jihar Arkansas, Joseph Vorst ya fara kawo samfurin wani baƙar fata matalauci yana huɗa da ramammun alfadarai, mutanen gari suka ce an mai da su abin dariya, sai ya sake musu da gonar kiwo ta zamani da injin gurzar auduga da ramin kwal. A Safford ta jihar Arizona, Seymour Fogel ya ci gasa da hoton 'yan ƙabilar Apache suna rawa, amma jikokin Turawan da suka zauna a yankin suka ƙi, suna cewa ba su manta da hare-haren zamanin jagoran Apache Geronimo ba, wanda ya miƙa wuya tun 1886, sai aka musanya da tarihin zuwan kakanninsu. A Anson ta jihar Texas, ƙorafin ya tsaya ne a kan wata butar giya da aka hango a gefen hoton rawar makiyaya na Jenne Magafan, a garin da aka hana sayar da barasa. A Kennebunkport ta jihar Maine kuwa, inda Elizabeth Tracy ta zana masu wanka a bakin teku a 1941, marubuta biyu da ke zaune a garin, Booth Tarkington da Kenneth Roberts, suka jagoranci yaƙi da hoton, suna ganin garin maƙeran jiragen ruwa ya fi ƙarfin a wakilce shi da 'yan yawon shaƙatawa cikin kayan wanka, maganar ta kai har Majalisar Dattawa, mutanen gari suka tara kuɗinsu suka sa Gordon Grant ya zana musu jirgin ruwa, aka sauke na Tracy a 1945. Ban da waɗannan manyan rigingimu akwai ƙananan gyare-gyare marasa iyaka daga manoma da makiyaya, waɗanda ba su damu da salo ba amma ba sa yafe wa wanda ya ɗaura wa doki linzami ba daidai ba, ko ya zana irin shukar da ba ta fita a ƙasarsu. Masu zane na birni sun ɗauki wannan a matsayin ƙauyanci, amma shi ne babbar shaidar cewa mutane sun tsaya sun duba, sun kuma ɗauki bangon a matsayin nasu.

Akwai kuma inda gari ya fi Washinton buɗaɗɗen ido. Lloyd Ney, da aka ba shi New London ta jihar Ohio, ya je ya zauna da mutane ya tattara labaransu, sannan ya haɗa su a hoto ɗaya mai gutsure-gutsure da launuka masu ƙarfi irin na sabon salon Turai. Rowan ya ƙi shi sau da dama yana cewa jama'a ba za su gane ba, sai ga jama'ar da kansu sun rubuto suna neman a bar musu abinsu, har Bruce ya sa baki aka amince, aka gama aikin tsakanin 1940 da 1941. Shi ne ake yawan ambata a matsayin hoto ɗaya tilo na wannan salo da sashen ya yarda ya hau bangon gidan waya.

Batun launin fata shi ne inda ciniki ya fi yin tsada ga waɗanda ba su da murya a cikinsa. A jihohin kudu, inda dokokin wariya suka hana yawancin baƙar fata jefa ƙuri'a, ra'ayin gari da ake aika wa Washinton ra'ayin fararen gari ne, saboda haka baƙar fata sukan fito a bango suna tsinkar auduga ko ɗaukar kaya cikin natsuwa, wani lokaci ma a gonakin zamanin bauta, ba a nuna su a matsayin malamai ko masu gona ko masu zuwa gidan waya ba sai nadiran. Victor Arnautoff, ɗan asalin Rasha wanda ya yi aiki tare da Rivera, ya yi ƙoƙarin sa gajiya da nauyin aiki su bayyana a jikin masu tsinkar audugar da ya zana wa Linden ta Texas a 1939, amma irinsa ba su da yawa. A kotun tarayya ta Aiken a Carolina ta Kudu, alƙali Frank Myers ya sa labule ya rufe hoton da Stefan Hirsch ya yi a 1938, saboda matar da ke wakiltar adalci a cikinsa ta yi masa kama da mai jinin baƙar fata. Daga cikin masu zane kimanin 850 da sashen ya ba aiki, uku ne kawai baƙar fata. 'Yan asalin ƙasar, waɗanda Turawa suka laƙaba wa sunan Indiyawa, sun cika bango, amma galibi a matsayin mutanen da suka shuɗe, ko suna kai hari, ko suna sa hannu a yarjejeniyar rabuwa da ƙasarsu, ko suna tsaye a kan tudu suna kallon wucewar jirgin ƙasa. Oklahoma ce ta ɗan bambanta, domin a can an ba wasu daga cikinsu bango. Stephen Mopope na ƙabilar Kiowa, wanda ya yi karatu a jami'ar jihar a hannun Oscar Jacobson, ya zana hotuna goma sha shida a gidan wayar Anadarko tsakanin 1936 da 1937, na raye-raye da farautar ɓauna da ƙaurar zango, da taimakon James Auchiah da Spencer Asah, haka kuma Acee Blue Eagle da Woody Crumbo da Richard West sun sami nasu garuruwan. A Watonga kuwa 'yan ƙabilar Cheyenne sun yi zanga-zanga a gaban gidan waya a 1941, suna cewa Edith Mahier ta ɓata suturar shugabansu Roman Nose da kamannin dawakinsa.

Mata sun fi samun rabo, inda 162 daga cikinsu suka karɓi kwangila, kuma da wuya a raba wannan da rufaffiyar ambulan ɗin nan, tun da alƙalan ba su san ko mace suke zaɓa ko namiji ba. Tagwaye Ethel da Jenne Magafan na Colorado sun fara samun aiki suna 'yan shekara ashirin da kaɗan, suka zana wa garuruwa a Nebraska da Arkansas da Oklahoma da Utah da Texas.

Roosevelt kansa ya shiga harkar da hannunsa a gundumarsa ta Dutchess a jihar New York, inda ya dage a gina gidajen waya da duwatsun gona irin na gidajen Holandawan da suka fara zama a yankin, ya halarci buɗe na Rhinebeck a ranar 1 ga Mayu, 1939 tare da yarima mai jiran gadon Denmark, ya kuma riƙa duba samfuran da maƙwabcinsa Olin Dows, wanda jami'i ne a sashen, ya zana wa Rhinebeck da Hyde Park. Duk da tsaron Rowan, wasu sun sami hanyar zamewa. A 1937 Rockwell Kent ya zana wa hedikwatar ma'aikatar gidan waya a Washinton hoton wasiƙa da ta taso daga Alaska ta isa Puerto Rico, ya rubuta a jikin takardar wasu kalmomi da harshen mutanen kogin Kuskokwim da babu jami'in da ya iya karantawa, sai daga baya aka fassara aka ga kira ne ga mutanen tsibirin su sauya shugabanni su sami 'yanci. Ya ƙi gogewa, a ƙarshe aka biya shi.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya kashe shirin. A 1939 aka fitar da sashen, wanda tun 1938 ake kira Sashen Fasaha, daga baitulmali aka mai da shi ƙarƙashin sabuwar hukumar ayyuka ta tarayya, inda ya rasa inuwar Morgenthau, bayan harin Pearl Harbor a Disamba 1941 kuma aka daina gina gidajen waya, kashi ɗaya cikin ɗari ya rasa inda zai fito. Bruce ya mutu a watan Janairu na 1943, aka rufe sashen a cikin wannan shekara, bayan ya kashe kimanin dala miliyan biyu da rabi a shekara tara. Ɗaya daga cikin manyan kwangilolin sashen ta wuce shi da rai, wato hotuna 27 na tarihin San Francisco da aka ba Anton Refregier a kan dala 26,000 domin gidan wayar Rincon, waɗanda bai gama ba sai 1948, kuma saboda ya nuna yajin aikin 1934 da cin zarafin 'yan ƙasar Sin, ɗan majalisa Hubert Scudder ya nemi a cire su, aka yi zaman sauraro a Majalisar Wakilai a watan Mayu na 1953, masana da gidajen tarihi suka tsaya musu, suka tsira.

Ƙananan hotunan karkara ba su sami masu tsaya musu haka ba. Bayan yaƙi idon masana ya koma ga zanen da ba ya kwaikwayon komai, aka riƙa ganin aikin shekarun 1930 a matsayin tsohon yayi, wasu aka shafe su da fenti, wasu aka huda su domin sa fitila ko fanka, wasu suka tafi tare da ginin da aka rushe. Binciken da Francis O'Connor ya fara a ƙarshen shekarun 1960, da littattafan Karal Ann Marling a 1982 da na Marlene Park da Gerald Markowitz a 1984, su ne suka dawo da hankali kansu, hukumar gidan waya da aka sake wa tsari a 1971 kuma ta ci gaba da mallakarsu, tana ba da aronsu ga ɗakunan karatu da gidajen tarihi idan ta sayar da tsohon gini. Wanda Arnautoff ya yi wa Richmond ta California, da aka sauke a 1976, sai a 2014 aka gano shi naɗe cikin akwati a ɗakin ƙasa na gidan wayar. A watan Afrilu na 2019 hukumar ta fitar da kan sarki biyar masu ɗauke da hotunan garuruwan Piggott da Florence da Rockville da Deming da Anadarko, a shekarar da ta biyo baya kuma ta sa aka lulluɓe wasu hotunan da leda saboda ƙorafi a kan yadda suka nuna bayi da 'yan asalin ƙasa. Samfurin ceton mahaƙi da garin Kellogg ya ƙi yana ajiye a gidan tarihin zane na Smithsonian a Washinton, hoton masu dace da arziki kuwa yana saman ƙofar shugaban gidan waya a Kellogg.